Ra'ayinmu: Maganin hawan jini a haɓar samari

Tun asali ba don gashi aka haɗa minoxidil ba. Kamfanin Upjohn na Amurka ne ya samar da shi, hukumar kula da magunguna ta ƙasar, FDA, ta amince da shi a 1979 da sunan Loniten, ƙwaya ta masu hawan jinin da ya gagari sauran magunguna. Aikinsa buɗe hanyoyin jini. Can sai likitoci suka lura masu shan sa gashi yana tsiro musu a goshi da kumatu da gadon baya. Daga nan aka mayar da shi ruwan shafawa, a 1988 aka amince da shi da sunan Rogaine domin masu sanƙo. Iznin na fatar kai ne kawai, har yau bai haɗa da gemu ba.

Cikin masu shafa wannan magani don neman gemu a Amurka da Turai akwai masu sauya jinsi, wato waɗanda aka haifa mata suke rayuwa a matsayin maza. A wurinsu gemu ba ado ba ne kawai, shi ne abin da ke sa a kalle su a kasuwa ko wurin aiki a ce ga namiji. Muhawarar sauya jinsi ta addini da al'ada tana da nata zauren, ba ita ta tara mu yau ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne darasin da likitocinsu suka samu, domin ya shafi duk wani mai neman gemu da kwalba.

Mutanen nan suna karɓar sinadarin maza, testosterone, a ƙarƙashin kulawar likita, ana auna jininsu. Duk da haka sai an yi watanni kafin gashin fuska ya fara leƙowa, kuma jagororin likitoci sun nuna cikar gemu tana iya ɗaukar shekara 3 zuwa 5. Wani ya samu ƙasumba, wani ya tsaya a 'yan tsilli-tsilli a haɓa, gwargwadon abin da ya gada daga iyaye da kakanni. Saboda gajiya da jira ne da yawansu suke ƙarawa da minoxidil. To, idan mai karɓar allurar sinadarin kansa sai ya yi shekaru, ina hujjar mai talla a Instagram da TikTok da ke yi wa samarinmu alkawarin gemu cikin mako biyu?

Adalci ne a faɗa cewa maganin ba ƙarya ba ne. A 2016 likitoci a ƙasar Tailan suka gwada shi a kan maza 48, wasu suna shafa mai ƙarfin kashi 3 cikin ɗari sau biyu a rana, wasu suna shafa ruwan da babu magani a ciki, har mako 16. Masu shafa na gaskiyar sun fi samun ƙarin gashi. Sai dai mutum 48 cikin wata huɗu ba shi ne duniya ba, kuma ba a kan masu sauya jinsi aka yi gwajin ba. Maganin taki ne, yana ƙarfafa abin da ke cikin ƙasa, ba ya shuka irin da babu. Kafin ya yi aiki ma sai wani sinadari a tushen gashin ya juya shi, kuma ba kowa ke da sinadarin da yawa ba. Shi ya sa abokai biyu za su sayi kwalba iri ɗaya, ɗaya ya yi murna ɗaya ya yi asara. A fatar kai kuwa an tabbatar cewa in aka daina shafawa, gashin da ya zo yakan zube cikin 'yan watanni.

Akwai kuma ruɗanin ɗaukar duk maganin sanƙo a matsayin maganin gemu. Finasteride, wanda ake sha don sanƙo, yana rage sinadarin DHT ne, alhali DHT ɗin da ke cinye gashin kai shi ne ke raya na fuska. Mai neman gemu da ya sha shi ya yi wa kansa aikin baya.

Illolin minoxidil ba ɓoyayyu ba ne: ƙaiƙayi, bushewar fata, gashi a inda ba a nema ba. Idan ya shiga jini da yawa sai bugun zuciya, jiri, kumburin ƙafa, domin bai manta aikinsa na farko ba. Yana iya kashe kyanwa ko da kaɗan ta lasa. A Sifaniya a 2019 yara aƙalla 17 gashi ya rufe musu jiki bayan an ba su minoxidil bisa kuskure a madadin maganin ciki, kuma daga baya hukumomin sa ido kan magunguna a Turai suka samu jarirai da irin wannan matsala saboda cuɗanya da fatar iyaye masu shafawa. Magidancin da ke shafa shi a kumatu sannan ya ɗauki jaririnsa ya rungume, ya kamata ya san wannan.

A nan gida gemu yana da daraja ta sunna da ta kamala, ga kuma yayin gyaran saje da ya cika shagunan aski. Saurayin da aka dame shi da "ɗan yaro" saboda haɓarsa sumul ba abin dariya ba ne, kuma ba ma ganin laifinsa in ya nemi taimako. Laifin yana kan masu ɗura ruwa a kwalba su kira shi man gemu, babu jerin abin da ke ciki, babu lambar hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, babu gargaɗi ko ɗaya.

Matsayinmu shi ne kada a haramta minoxidil, amma a riƙe shi a matsayin magani. Baligi mai lafiya da ya ga likita ko ƙwararren mai harhaɗa magunguna, ya ji amfani da illa, yana da damar gwadawa, a can ƙasashen ko a nan. Mai ciwon zuciya, mai shan maganin hawan jini, mai ciki ko shayarwa da wanda bai kai shekara 18 ba su nisance shi sai da izinin likita, ƙwayar kuwa kada kowa ya sha da ka. Muna kira ga NAFDAC ta bi sawun masu tallan man gemu a intanet, ta gwada abin da ke cikin kwalaben, ta kwashe duk wanda ba shi da rajista.