IN BABBAN KANTI YA DAINA YANKA YADI, INA MAI SAYE ZAI NUFA?

Duk wanda ya taɓa zama a Miga ko Jahun cikin goman ƙarshe na watan azumi ya san matsayin yadi a wurin magidanci. Malamin firamare zai karɓi albashi, ya ƙidaya 'ya'yansa, ya ƙidaya yadin da kowanne zai ci, sa'an nan ya nufi rumfar mai yadi a kasuwa. A can za a warware masa bandir, ya shafa, ya ɗaga a rana, ya taya a ce albarka, ya ƙara a sallama. In kuɗin bai kai ba, mai rumfa ya san gidansu, sai ya rubuta masa ciko zuwa ƙarshen wata. Daga nan sai wurin tela. Wannan ciniki ya zame wa jama'a jiki, har ba mai tsayawa ya tambayi kansa abin da zai faru ran da aka wayi gari babu mai yanka yadi a kusa.

Mutanen ƙananan garuruwan Amurka sun ga wannan rana. A shekarar 2007 kamfanin Walmart, wanda ya fi kowane kamfanin kantuna girma a duniya, ya fara janye sashen yadi daga kantunansa. Dalilin a fili yake. Yadi yana cin wuri, yana daɗewa bai fita ba, kuma dole a ajiye ma'aikaci da almakashi yana auna wa kowa, alhali kuwa ɗinkakkiyar riga mai saye ne zai ɗauka da kansa ya kai wurin biya. Abin da ba a sa cikin lissafi ba shi ne, a garuruwa da yawa Walmart ɗin kaɗai ya rage yana sayar da yadi, domin ƙananan kantuna sun daɗe da durƙushewa saboda sun kasa gasar araha da shi. Nan fa mata masu ɗinki a gida suka tashi haiƙan da wasiƙu da buga waya da takardun koke masu ɗauke da sa hannun jama'a. Kamfanin ya yi kunnen ƙashi na 'yan shekaru. Amma a 2011, bayan cinikinsa a Amurka ya yi ta ja da baya, ya mayar da kayayyaki kimanin iri 8,500 kan kantoci, yadi yana cikinsu. Ashe wadda ta zo sayen yadi takan fita da sukari da sabulu, da ta daina zuwa kuwa duk suka tafi tare.

Mai karatu yana iya cewa ina ruwan biri da gada, Miga ai ba ta da Walmart. Gaskiya ne. Sai dai abin da ya sami waɗancan mata ya taɓa samun ƙasar Kano, wadda Miga take cikinta kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, illa dai ya zo da wata kama.

A zamanin Turawa da farkon mulkin kai, babban cinikin yadi yana hannun kamfanonin waje, watau irin su UAC da John Holt da G.B. Ollivant. Su suke shigo da atamfa da akoko da alawayyo daga Ingila da Holan, Kwarori 'yan Labanan suna sara daga gare su suna sayarwa a Kantin Kwari da ke Fagge. Manyan ma'aikata kuwa suna da Kingsway da Leventis, inda ake sayen kaya ba tayi. Da Gwamnatin Janar Gowon ta kafa dokar mayar da harkokin ciniki hannun 'yan ƙasa a 1972, aka kuma ƙarfafa ta a 1977, baƙi suka fara sakin cinikin ɗai-ɗai. Matsin tattalin arziki na shekarun 1980 ya ƙarasa abin da ya rage, har Kingsway ya rufe cikin shekarun 1990. Watau manyan kantuna sun bar yadi a nan ma. Amma ba a ji masu saye sun yi wani kuka mai ƙarfi ba, domin kuwa akwai wanda ya tare kayan kafin su faɗi ƙasa. Yaran kanti da dillalai waɗanda suka koyi sana'ar a hannun Kwarori su suka karɓi shaguna, Kantin Kwari ta bunƙasa har ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin yadi na Afirka ta Yamma. Daga can kaya suke gangarowa Dutse da Shuwarin da Gujungu, su ratsa har rumfar ƙauyen da babu kwalta.

Bambancin ke nan. A Amurka babban kanti ya fara cinye ƙanana tukuna, sa'an nan ya jefar da yadi, mai saye ya waiwaya bai ga kowa ba. A Kano ƙananan ba su mutu ba. Mai rumfar nan da ake rainawa, wanda duk jarinsa bai wuce bandir talatin ba, shi ne ya rufa wa magidancin Miga asiri.

To, amma babu wurin yin alfahari, domin wani kanti da ya fi Kingsway muhimmanci ya rufe, masu saye kuwa suna kallo. Masaƙar Kaduna Textiles, wadda aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, ta tsaya a 2002. United Nigerian Textiles, wadda a da babu kamarta a ƙasar nan, ta dakatar da aiki a 2007, shekarar da matan Amurka suke tara sa hannu. Masaƙun Kano na Bompai da Sharaɗa da Calawa suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya saboda rashin wutar lantarki da tsadar mai da fasa-ƙwauri. Ma'aikatan Kakuri sun yi kuka, manoman auduga sun yi, amma mai saye bai ce uffan ba, don atamfar Sin ta fi araha, ga zane mai ɗaukar ido. Ko a 2015 da marina suka fito zanga-zanga a Kano kan yadin Sin da ya kashe musu kasuwa, su kaɗai suka yi tafiyarsu. Ba za a zargi talaka don ya bi araha ba, aljihunsa ne ya yi masa zaɓi. Abin takaici dai shi ne masu ilmi da ma'aikata, waɗanda suka san inda hanyar za ta ɓulle, su ma ba su ɗaga murya ba.

Yanzu an zo wurin biyan bashi. Yawancin yadin da ake yankawa a kasuwannin Jigawa daga waje yake zuwa, ta ƙofa guda, watau Kwari, kuma da dala ake sararsa. Da aka saki farashin naira a watan Yuni na 2023, dalar da take kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, turmin atamfa da yadin shadda suka bi ta. Janye tallafin man fetur a wannan shekara ta 2023 ya sa tafiyar fiye da kilomita 100 daga Miga zuwa Kano ta zama abin da ƙaramin ɗan kasuwa zai yi dogon tunani kafin ya yi. Tun kafin wannan ma, ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ta nuna yadda dare ɗaya zai iya taɓa suturar jihohi da dama.

In yadi ya gagara, magidanci ba ya rubuta takardar koke, gwanjo yake nufa, ko ya saya wa yara ɗinkakkun kaya na waje. Ran da ya yi haka, tela ya rasa aiki, yaron da ke koyon keke ya rasa na abinci, haka mai surfani da mai guga, har da mata da samari masu ɗinkin hula, domin wanda bai ɗinka sabuwar riga ba da wuya ya nemi sabuwar hula. Akwai kuma abubuwan da gwanjo ba ya maganinsu. Ba a haɗa lefe da gwanjo, kuma likkafani sai an yanko shi daga alawayyo.

Saboda haka ya kamata hukumomi su yi hattara da ɗokin manyan kantuna. Ba laifi ba ne a so babban birnin jiha ya sami kanti mai sanyi da fitilu. Sai dai babban kanti littafin lissafinsa kaɗai yake yi wa biyayya. Shoprite ya buɗe a Kano a 2014 da gagarumin biki, ya rufe a watan Janairu na 2024, bai shawarci kowa ba. A Amurka ma, kamfanin Joann da masu ɗinki suka dogara da shi ya rufe dukkan kantunansa kimanin 800 a 2025. Jami'in da zai rushe rumfunan masu yadi don a faɗaɗa wa babban kanti wurin ajiye motoci, ko ya sa kuɗin shago a sabuwar kasuwa wanda ƙaramin ɗan kasuwa ba zai iya biya ba, yana maimaita kuskuren garuruwan Amurka ne da hannunsa.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin jiha ba. A keɓe wa 'yan sarin yadi wuri mai rangwamen haya a kasuwar Dutse, don mai rumfa daga Miga ko Kiyawa ya huta da zuwa Kano kowane mako. A gyara hanyoyin da ambaliya ke yankewa duk damina tsakanin Miga da maƙwabtanta. Kayan 'yan makaranta kuwa, waɗanda gwamnati da iyaye ke kashe wa kuɗi kowace shekara, a sayi yadinsu daga masaƙun gida da suka rage, a raba ɗinkin ga telolin kowace Ƙaramar Hukuma maimakon a miƙa wa ɗan kwangila guda ya kawo su ɗinkakku daga wani gari.