Mai Saye Ɗaya Ba Ya Isar Manomi

A jihar Biktoriya ta ƙasar Ostareliya akwai wani gida, Brown Brothers, wanda ya fara matsar inabi a garin Milawa tun 1889, har yanzu kuwa yana hannun zuriyar. Giya suke yi, mu kuwa ba ruwanmu da ita. Zamansu da manoma shi ne abin dubawa.

Kudu da Milawa akwai kwarin Kogin King, ƙasa mai tuddai da sanyi, inda inabi ke nuna sannu a hankali. Da yawa daga manoman wurin Italiyawa ne masu noman taba. Da kasuwar taba ta soma lalacewa sai suka juya ga inabi, gidan Brown yana saye. Iyalin Pizzini sun dasa nasu a 1978.

Lalle an kyauta. Kurangar inabi sai ta yi kamar shekara uku kafin ta ba da amfani, ba kuwa talakan da zai jure wannan jira in bai san mai saye ba. Amma fa inabi ba gyaɗa ba ne, balle a ɗura a buhu a jira kuɗi su hau. In ya nuna, ko a sayar cikin 'yan kwanaki ko ya ruɓe. Mai mai saye ɗaya kuwa, abin da aka yanka masa shi zai karɓa.

Don haka muka fi yabon abin da Pizzini suka yi a 1994, watau suka fara sayar da kayansu da sunansu. Da aka daina noman taba a jihar a 2006, ya tarar sun daɗe da kafuwa.