Shawarar garka: kabewa a lokacin bazara

Ƴan'uwa manoma, zafin rana ba ya kashe kabewa in gindinta yana da laima.

Ku gina rami mai zurfin kamu ɗaya, ku cika shi da ƙasa da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen taki yana ƙone saiwa. Ku bar mita 2 tsakanin ramu. Ku shuka ƙwaya 3, in sun tsiro ku bar 2 masu ƙarfi.

Ku rufe gindin da busasshiyar ciyawa don ruwa ya daɗe. Ku ba da ruwa a gindi, da sassafe ko da maraice. In ta yi fure, kada ta ji ƙishirwa, in ba haka ba ƴaƴan za su zube.

Bayan wata 3 zuwa 4, uwargida ta samu kayan miya.