Sitiyarin Tsohuwar Mota: Ƙarin Mai Ba Gyara Ba Ne

Duk wanda ya taɓa tsintar mushen gizo-gizo a lungun ɗaki zai ga ƙafafunsa a naɗe. Dalili kuwa shi ne, wasu gaɓoɓin ƙafarsa ba su da tsokar miƙewa. Ruwan jikinsa yake turawa cikinsu da ƙarfi su miƙe. Da zarar ya mutu sai matsin ruwan ya faɗi, ƙafafun su lanƙwashe. Irin wannan hikima ce ke ba direban tsohuwar Golf damar juya sitiyari da hannu ɗaya a titunan Yalwawa da ke Dutse, kuma irin wannan mutuwa ce ke samun sitiyarin idan aka bar mansa ya tsiyaye.

Tun da Dutse ta zama babban birnin Jihar Jigawa a 1991, ma'aikata da malamai da direbobin haya suka dogara ga motocin da suka sha aiki a Turai kafin su iso nan. Da yawa daga cikin Golf da Vectra da Sharon masu zirga-zirga tsakanin Dutse da Kano ta Gaya da Wudil sun haura shekara ashirin. Idan sitiyarin irin wannan mota ya fara yoyo, akan ga mai ita ya ajiye gorar mai a but yana ƙarawa kowace safiya, ko kuwa ya sa a cire bel ɗin famfon baki ɗaya. Duka biyun kuskure ne. Abin da ya dace shi ne a kwance, a gano ciwon, a sake ɗaurawa da sababbin robobi.

Kafin a fahimci dalili, sai an san yadda abin ke aiki. A ƙarni na 17 wani masani Bafaranshe, Blaise Pascal, ya nuna cewa idan aka matsa ruwan da ke cikin rufaffen mazubi, matsin yakan isa ko'ina cikinsa daidai wa daida. A kan wannan ƙa'ida ce injiniya Francis Davis na Amurka ya gwada sitiyari mai aiki da mai a 1926, kuma a 1951 kamfanin Chrysler ya fara sayar da shi a motarsa Imperial. Injin ke juya famfo ta hanyar bel, famfo ya tura mai cikin tiyo zuwa bawul, bawul kuma ya karkatar da shi dama ko hagu bisa ga inda direba ya juya, har ya danna fistin da ke cikin rak, wato doguwar sandar ƙarfe mai haƙora da ke tura tayoyin gaba. Alal misali, idan matsin ya kai kilo 80 a kan kowace murabba'in santimita, fuskar fistin kuma santimita 8 ce, ƙarfin da zai taimaki direba ya kai kilo 640. Iskar taya kuwa ba ta wuce kilo 2 da ɗoriya ba.

Ɗalibin ilmin halittu zai gane wannan tsari nan take: famfo zuciya ce, tiyo jijiyoyi ne, mai kuwa jini. Abin da ke tsare wannan jini robobi ne ƙanana, su kuwa tsufa suke yi. Zafin bazara, wanda kan wuce digiri 40 a Afrilu, tare da zafin injin, yana busar da su har su tsage. Idan robar da ke rufe bakin rak ta yage, ƙurar hunturu da yashi su shiga su riƙa kankare ƙarfen. Wanda ke ƙara mai kullum tamkar likita ne da ke ƙara wa majiyyaci jini alhali bai ɗinke raunin ba. Duk lokacin da man ya yi ƙasa, famfo yakan zuƙi iska. Ita kuwa iska matsewa take yi, ba ta isar da ƙarfi kamar ruwa. Kukan da ake ji in an juya sitiyari alama ce ta famfon yana cin kansa. Man da ya ɗiga a kan salansa mai zafi yana iya tayar da gobara, wanda ya sauka ƙasa kuma ya gurɓata ta.

Akwai kuma masu zuba duk abin da ya zo hannu. Man birki ba ɗan'uwan man sitiyari ba ne, yana lalata robobin cikin ɗan lokaci. Wasu motoci suna shan jan man giya, wasu kuma, kamar yawancin ƙirar Volkswagen, kore suke buƙata. Murfin tankin man ko littafin motar ne zai raba gardama.

Cire bel kuwa ya fi haɗari. Motar da aka ƙera da wannan tsari, in aka raba ta da famfonta, sitiyarinta yakan fi na motar da ba ta da shi tun asali nauyi. Ranar da yaro ko akuya ta faɗo titi ne direba zai san abin da ya yi wa kansa.

Shi gyaran ba sihiri ba ne. A wanke wurin a gano inda yoyon yake. A fitar da rak da famfo, a kwance su a wuri mai tsabta nesa da ƙura, a duba sandar. A sa sababbin robobi da tiyo, a zubar da tsohon mai duka, a zuba sabo. Sannan a ɗaga gaban motar da jek, a juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe sau da yawa har iska ta fita, daga nan a daidaita tayoyi.

Mai mota na iya cewa ai sayo rak ɗan Beljiyam a Ƙofar Ruwa ta Kano ya fi sauri, ga shi kwana guda a gareji asara ce ga ɗan haya, ga kuma jabun robobi a kasuwa. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma idan sandar ta lanƙwashe ko tsatsa ta ci ta, babu makawa sai canji. Amma robobin da ke cikin ɗan Beljiyam sa'o'in waɗanda suka mutu ne, don haka sau da yawa yoyo ake sayowa da kuɗi. Bugu da ƙari, tun faɗuwar darajar naira a 2023 kayan waje suka ƙara tsada. Araha dai ba ta ado, amma tsada ma ba shaidar lafiya ba ce.

A nan makarantu ke da rawar takawa. Sirinji biyu, babba da ƙarami, da guntun tiyo cike da ruwa sun isa malami ya nuna ƙa'idar Pascal a aji. In ya kai ɗalibansa gareji suka ga rak a kwance, bakanike ya nuna musu da hannu, su kuma su bayyana masa dalili, kowa ya ƙaru. Sababbin motoci sun koma sitiyari mai aiki da lantarki, wanda Suzuki ya fara fitarwa a 1988, amma tsofaffin za su daɗe suna kai yara makaranta da marasa lafiya asibiti. Mai mota da ya ga ɗigon mai a ƙarƙashin motarsa da safe, gareji ya kamata ya nufa, ba wurin mai sayar da mai ba.