Kafin A Ɗaga Hilux, A Duba Rak Ɗin Sitiyari

Jama'a, wani yayi ya shigo wa masu Hilux: a ɗaga mota sama, a sa mata ƙattin tayu masu kaushi, a kafa ƙarfe a goshinta, sai a ce ta shirya shiga daji. A ganinmu, abin da ya kamata a fara kashe wa kuɗi shi ne rak ɗin sitiyari, duk da ba mai ganinsa balle ya yaba.

Rak dogon ƙarfe ne mai haƙora, kwance tsakanin tayun gaba. In direba ya murza sitiyari, wani ɗan giya ne ke tura shi hagu ko dama, shi kuma ya ja tayu ta hanyar tayirod. Duk dukan da taya ta sha a rami ko kan dutse, nan yake komawa. Babbar taya ta fi nauyi, ta fi kama ƙasa, don haka dukanta ya fi zafi. Ɗaga motar kuma yana karkatar da tayirod daga yadda kamfani ya daidaita shi, shi ya sa za ka ga mota tana fizgar kanta gefe da zarar ta shiga gargada.

Masu cewa ai Toyota ba ta mutuwa, su tuna cewa Land Cruiser 70 da aka fara fitarwa a 1984 akwatin sitiyari gare ta, ba rak ba. Hilux ɗin da ta fito daga 2005 kuwa rak ne da ita. Juriyarsu ba ɗaya ba ce.

Inda muka fi saɓani da mutane shi ne wajen saye. Mutum ya zuba kuɗi a tayu, amma in an zo rak sai ya nufi Ƙofar Ruwa neman tokumbo mafi araha, wanda bai san irin wahalar da ya sha ba. Gara sabo na asali, da tayirod masu ƙwari da bushin sabbi. A duba robar da ke rufe bakinsa, domin in ta yage, yashi da ruwan damina ne za su cinye haƙoran. A canza man sitiyari, a yi alaimen bayan an ɗaura.

Motocin nan su ne ke kwasar mutane da buhuna ranar kasuwar ƙauye, wani lokacin har da mai naƙuda. In tayirod ya karye ana cikin gudu, taya ɗaya ta daina jin sitiyari ke nan, kuma birki ba zai dawo da motar kan hanya ba.