'Yancin Jarida da Manomin Mainika: Kira ga Ɗaliban Hausa

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai, bisa izinin malamanmu, zuwa ga wani al'amari da muka daɗe muna ɗauka ba namu ba ne, wato shiga ƙungiyoyin da ke fafutukar kare 'yancin jarida. Galibinmu da an ambaci wannan magana sai tunaninmu ya tafi Ikko ko Abuja, wurin lauyoyi da editoci masu zuba Turanci. Ra'ayina shi ne ɗalibin Hausa yana sahun gaba cikin waɗanda ya kamata su shiga, domin wanda ya fi kowa asara idan aka toshe bakin jarida shi ne talakan karkara, irin manomin Mainika ta ƙasar Gwarzo, shi kuwa da Hausa yake ji, da ita yake kai kuka.

Mai Shela da Ɗan Jarida

Bahaushe ya san watsa labari tun kafin zuwan Turawa. Akwai sanƙira da mai shela, waɗanda kan zaga gari da kasuwa su isar da umarnin sarki. Sai dai aikinsu hanya ɗaya yake bi, daga fada zuwa ga talaka. Idan talaka yana da ƙorafi, sai ya fake da habaici ko zambo, ko ya jira wasannin tashe, inda al'ada ta yarda a yi shaguɓe ba tare da an ga laifin mai yi ba.

Abin da jarida ta zo da shi sabo shi ne hanya ta biyu, mai ɗaukar magana daga ƙasa zuwa sama. Ko Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, duk da kasancewarta ta hukuma, ta buɗe fili ga wasiƙun masu karatu. To, wannan hanya ta biyu ita ake nufi da 'yancin jarida. Da zarar an toshe ta, ɗan jarida ya koma sanƙira, sai dai shi da lasifika yake tasa shelar.

Abin da Tarihi Ya Nuna

An sha toshe wannan hanya a ƙasar nan. A 1973 aka aske wa Minere Amakiri, wakilin jaridar Nigerian Observer a Fatakwal, kai, aka yi masa bulala 24, saboda ya ba da labarin koke-koken malaman makaranta. A 1984 Dokar Soja mai lamba 4 ta sa aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian shekara guda. Ranar 19 ga Oktoba, 1986, wani ƙunshi mai ɗauke da bam ya hallaka Dele Giwa na mujallar Newswatch a gidansa. A 1996 Bagauda Kaltho, wakilin mujallar TheNews a Kaduna, ya yi ɓatan dabo.

Kada wani ya ce wannan duk zamanin soja ne, ko kuwa masu rubutu da Turanci kaɗai abin ke shafa. A watan Disamba na 2012 jami'an tsaro suka kama Musa Muhammad Awwal da Aliyu Saleh na Al-Mizan, jaridar Hausa. A maƙwabciyarmu Nijar, Moussa Kaka na Rediyo Saraounia ya yi fiye da shekara a tsare, daga 2007 zuwa 2008. Haka kuma ba hukuma kaɗai ke barazana ba: Enenche Akogwu na talabijin ɗin Channels ya rasa ransa yana bakin aiki a harin da aka kai Kano ranar 20 ga Janairu, 2012. Masu iya magana kan ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Amfanin Ƙungiya

Sashe na 39 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗar albarkacin bakinsa, sashe na 22 kuma ya ɗora wa kafofin watsa labarai nauyin bin diddigin gwamnati. Amma doka a takarda ba ta tashi ta kare kowa sai an sami masu tsaya mata, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Babban misali shi ne Dokar 'Yancin Samun Bayanai. Ƙungiyoyi uku ne suka fara tsara daftarinta a 1993: Media Rights Agenda, da Civil Liberties Organisation, da Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Nijeriya, wato NUJ, wadda aka kafa tun 1955. An kai daftarin majalisa a 1999. Majalisa ta amince da shi, amma Shugaba Obasanjo ya sauka a 2007 bai sa hannu ba. Aka koma aka sake sabon lale, har Shugaba Jonathan ya sa hannu ranar 28 ga Mayu, 2011. Shekara 18 ke nan ana abu guda. Mutum ɗaya da tuni ya gaji, ko ya mutu, ko an saye shi. Ƙungiya kuwa, in wani ya faɗi wani ya ɗauka. Kazalika sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015, wanda aka riƙa kama 'yan jarida da shi, ƙungiyoyi ne suka kai ƙararsa kotun ECOWAS, kuma aka yi masa gyara a 2024.

Ina Ruwan Mainika?

Mainika mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Gwarzo, maƙwabciyar Kabo, a yammacin Jihar Kano. Abin da ya dami mutanenta shi ne abin da ya dami kowane ƙauye: takin zamani, da ruwan sha, da magani a ɗakin shan magani, da malami a aji, da hanyar kai amfanin gona kasuwa. Duk waɗannan akwai kuɗin jama'a a cikinsu. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44. Wa zai tambayi nawa ya shigo, nawa ya fita, a kowace ɗaya?

Dokar 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar yin wannan tambaya. Ba sai ya faɗi dalilinsa ba. An ba ma'aikatar da aka tambaya kwana 7 ta amsa. Wanda bai iya rubutu ba, doka ta yarda wani ya nema a madadinsa. Amma mutum nawa ne a kasuwannin Gwarzo da Kabo suka taɓa jin wannan? An rubuta dokar da Turanci, ana taro a kanta da Turanci, a manyan otal na birane. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba a gaya masa yana da ikon kiran mai gyara ba.

Manomi rediyo yake saurare. Tun da aka buɗe Freedom Radio a Kano a 2003, wasu tashoshi masu zaman kansu suka biyo baya, talaka ya saba jin kukansa a iska cikin harshensa. Ranar da mai gabatar da shiri ya ji tsoro ya yi shiru, mutumin birni zai nemi wata kafa a wayarsa. Tsohon da ke gindin bishiya da 'yar rediyonsa shi ne za a bari a duhu.

Hanzarin Masu Ja

Na san wasu za su ce ai 'yan jaridar ma ba tsarkaka ba ne. Akwai masu karɓar na goro su murɗe labari, akwai kuma sojojin baka da 'yan siyasa ke saya wa fili a rediyo su ci mutuncin abokan hamayya. Wannan gaskiya ne, amma hujja ce ta shiga. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, saboda haka jarida mai zaman kanta ita ce wadda ta kuɓuta daga sandar hukuma da kuma aljihun attajiri. Idan jama'a ba su tsaya sun tsabtace fagen da kansu ba, hukuma za ta fake da ɓarnar sojojin baka ta rufe bakin kowa. Wasu kuma za su ce karatu ya kawo mu. Haka ne, kuma ba kira nake a bar aji a hau titi ba. Kare 'yancin jarida ba jam'iyya ba ne, domin mai mulki yau shi ne ɗan hamayya gobe.

Aikin da Ke Jiranmu

NUJ ta masu sana'ar ce, amma ƙofa a buɗe take a ƙungiyoyin 'yan jarida na ɗalibai da na kare haƙƙin ɗan Adam, inda babu kuma sai mu kafa. Guzurin da za mu shiga da shi shi ne abin da ake koya mana kullum. Na farko, fassara: mu mayar da waɗannan dokoki cikin Hausar da za a karanta a majalisar ƙofar gida a gane. Na biyu, ƙirƙirar kalmomi, domin abin da ba shi da suna a harshe yana da wuyar karewa. Na uku, adana tarihi: mu tattara labarin 'yan jaridar Hausa a kundayenmu na kammala digiri. Na huɗu, idan mun koma gida hutu, mu zama masu rubuta wa iyayenmu takardar neman bayani.

Kammalawa

Kowace ranar 3 ga Mayu duniya kan yi bikin 'yancin jarida, tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar a 1993. Ina roƙon malamanmu su yarda sashenmu ya riƙa raya ta da Hausa, a gayyato ma'aikatan rediyo da mutanen karkara su zauna tabarma ɗaya. 'Yan'uwa ɗalibai, da gumin manoma irin na Mainika aka biya mana kuɗin makaranta. Mafi ƙarancin sakayya ita ce mu tsaya wa bakin da ke magana a madadinsu, tun yana iya buɗewa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.