A Ɗauki Hoton Gwadon Kaka Tun Masu Labarinsa Suna Raye

'Yan'uwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata, kusan kowanenmu yana yawo da na'urar ɗaukar hoto a aljihu, amma galibin abin da muke ɗauka bai wuce fuskokinmu da kwanon abinci ba. Alhali kuwa a gidajen Garu da Limawa, da ƙauyukan Kiyawa da Jahun, akwai gwado da saƙi da rigunan tsamiya naɗe cikin adudu, asu yana cinsu sannu a hankali.

Da yawanmu ba mu san da su ba sai a 1442 ta Hijira, watau 2020, lokacin da annobar korona da yajin aikin malaman jami'a suka zaunar da mu gida wata da watanni. Wanda ya kwana cikin gwadon kakarsa a wannan zaman kaɗaici ya san nutsuwar da ke cikinsa, wadda bargon kanti ba ya bayarwa. Ba abin mamaki ba ne. An gurje audugar nan, an shiɓe ta, tsohuwa ta shafa alli a yatsa ta kaɗa ta da mazari, masaƙi ya saƙa ta ƙwarya ƙwarya, sa'an nan aka ɗinke. Hannun dangi ne tun daga gona har gado.

Wani zai ce ai hoton tsumma ba fasaha ba ne. To, Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe shagon hoto a 1948, da mayafin gadonsa ya fara yin bango, ya zaunar da mutane gabansa cikin tufafinsu. Yau hotunansa suna rataye a manyan gidajen adana kayan fasaha na Faransa da Amurka. Sai dai da aka nuna wasu daga ciki a New York a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, an rubuta cewa ba a san mai ɗaukarsu ba, sai daga baya aka bi sawu har Mali aka gano shi.

Kada mu yi wa masaƙanmu haka. Hoton gwado ba suna rabin aiki ne. A rubuta wadda ta kaɗa zaren, da masaƙin, da marinar da ta rina shi, da aure ko sunan da aka saye shi dominsa. Tsofaffin da suka san amsar nan kuwa kullum raguwa suke yi.

Lalle akwai iyayen da ba su son a ɗauki fuskarsu, kuma ba a yi musu dole. A nemi izini, a ɗauki hannu riƙe da mazari, ko zanen a shimfiɗe jikin katangar ƙasa da hantsi, sa'ad da shuni ya fi fitowa. Ƙungiyar ɗalibai ta Jami'ar Tarayya ta Dutse tana iya tara irin waɗannan hotuna bayan kowane hutu, ta wanke su a takarda ta kafa a zaure, ta aika wa kowane gida nasa kwafin.